Baffa da Littafin da Na Sa wa Hannu

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu tafiya. Ƙanen mahaifina ne. Ya cika ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Birnin Gwari, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku na yi a zaure tare da 'ya'yansa muna karɓar gaisuwa. Na je zaman makoki da yawa a garin nan, amma ban taɓa ganin inda kekunan guragu suka tare ƙofar gida har mai mota ya rasa wurin tsayawa ba sai nan. Wani baƙo daga Kaduna, abokin aikin babban ɗan Baffa, ya dube su, ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Wai marigayin yana raba musu wani abu ne?" Na ce masa ko allura bai taɓa ba su ba. Bai gane ba, ni kuma a lokacin ba ni da ƙarfin yi masa bayani.

Telan bakin kasuwa ya zo a rana ta biyu. Bayan an shafa fatiha ya gyara zama ya ce, "Wallahi mutumin nan ya dame ni. In na hango sandarsa sai in shige bayan labule in sa a ce ba na nan. Sai ya zauna a bencina ya ce to, zai jira wanda ba ya nan ɗin. Har a kira azahar yana zaune, ni kuma ina ciki zufa na ci na." Zaure ya ɗauki dariya, shi ma telan ya yi, sai kuma ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Naƙasassu uku Baffa ya kai masa koyon ɗinki a cikin shekarun nan, biyu daga cikinsu yau suna da shagonsu.

Akwai wani kurma mai walda da ya shigo bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar zaure ya kwaikwayi tafiyar Baffa, hannu a kan sandar da babu ita, kafaɗa ɗaya a karkace, sannan ya nuna sama ya dafe ƙirji. Daga nan ya ɗauki bokiti ya shiga cika wa mutane butoci, bai daina ba har magariba. Wani fasto ya zo daga Kazage tare da manoma huɗu da buhun masara, sun biyo hanyar da ba kowa ke son bi ba yanzu. Inna kuwa, matar Baffa, an ce abin da take ta faɗa wa mata a cikin gida shi ne, "Ni dai ban san ranar da malam ya ci abincin rana da zafinsa ba."

Kowa yana da labarinsa da shi, kowa kuma ya fita da kyau a nasa labarin. Ni kaɗai na yi shiru, domin nawa ba irin wanda mutum ke bayarwa a zaure ba ne. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Baffa malamin daji ne a zamanin da ake shiga dajin nan a fito lafiya. Ya san itatuwansa kamar yadda ya san gidajen unguwarmu. Wata damina babur ya kayar da shi a hanyar Damari, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, ɗorin kuma bai zauna daidai ba. Da ya warke ya koma wurin aiki, ba su kore shi ba. Suka ba shi kujera a bakin taga, albashinsa na zuwa, amma ba mai aiken shi ko'ina, ba mai miƙa masa takarda ya duba. Shekara takwas yana haka har ya yi ritaya. Ba ya son maganar. Sau biyu kacal na ji ya ɗauko ta da bakinsa.

Bayan ritaya ne ya ɗaukar wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. 'Yan kwaleji da masu karatun fasaha, akwai lokacin da makaranta ke sallamarsu na wasu watanni su je su san makamar aiki a wurin masu sana'a. Mai lafiya yakan samu wuri ko da wahala. Gurgu, kurma ko makaho kuwa, sai ya gama zagaya gari da takardarsa ana ce masa Allah ya ba da sa'a. Baffa yakan bi gidajen iyayensu lokacin hutu ya karɓi takardun, ya zuba a wata tsohuwar jakar fata, ya shiga kasuwa da sandarsa.

Ba ya roƙo. Bai taɓa cewa a taimaka wa yaron nan ba. Abin da yake faɗa ɗaya ne, har mutane suka haddace: "Na kawo maka ma'aikaci. In bai iya ba ka koya masa, in ya yi lalaci ka kore shi ka aiko mini." Sandarsa tana da wata tsaga da ya yi da wuƙa, daidai faɗin keken guragu. Kafin ya gama gaisawa da mai shago ya gitta ta a ƙofa ya auna. In ƙofar ta gaza sai ya ce, "Wannan ƙofar taka ta masu ƙafa ce kawai, yaushe za a gyara?" Bayan mako ɗaya kuma zai dawo, ba zai tambayi mai shago komai ba, sai ya ce wa ɗalibin, "Nuna mini hannunka." Yana neman baƙin mai, ko sukar allura, ko ƙunar walda. In ya ga tafin hannu sumul, ranar mai shago ba zai ji daɗi ba.

Ba waliyyi ba ne. Yana da kaifin harshe, kuma in ya kafe ba mai tanƙwara shi. Ya taɓa matsa wa wani mai kantin magani ya karɓi ɗalibi makaho, abin bai yiwu ba, aka rabu ba daɗi. Wata biyu yana cewa laifin mai kanti ne kafin ya yarda shi ne bai duba aikin da kyau ba. Da ya yarda kuwa, da ƙafarsa ya je ya faɗa.

To, ga nawa.

Gonarmu ta gado tana wajen Damari, ta gagara zuwa saboda abin da kowa ya sani a dajin nan. Sai na koma renon dashen itatuwa a bakin rafi, mangwaro da kashu da lemo da gwaiba. Abin da ya fi kawo mini masu saye shi ne auren mangwaro. Ana yanko reshen mangwaro mai kyawun 'ya'ya, a tsaga gindin ɗan dashe na gida a cusa shi, a ɗaure da leda har su kama juna. In sun kama, bayan mako uku sai ka ga jan tofo ya fito. In ba su kama ba reshen ya yi baƙi.

Wata safiya a farkon damina Baffa ya iso da wata budurwa tana tuƙa kekenta da hannu a bayansa. 'Yar wani manomi ce Kirista daga Kazage, tana karatun aikin gona a Zariya. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana ƙarama. Wata uku makaranta ta ba ta, wurare uku sun mayar da ita, ta sauka a gidan gwaggonta a cikin gari. Tana da wani littafi da za ta riƙa rubuta aikin da ta yi kowace rana, mai wurin ya sa hannu duk ƙarshen mako. Dab da ƙarshe malami zai zo daga makaranta ya duba. In bai gamsu ba za ta maimaita shekara, ubanta kuwa ya riga ya faɗa mata ba shi da ƙarfin wata shekarar, don shi ma rabin gonarsa ba ta nomuwa.

Baffa ya yi mini karatunsa na kullum, na kawo maka ma'aikaciya. Na ce to, domin ba a ce wa Baffa a'a. A raina kuwa na ce, me wannan za ta yi a cikin taɓo?

A makon ne ƙafar Baffa ta kumbura ta kwantar da shi, bai sami leƙowa ba. Ni kuwa na sa mata benci a bakin ƙofa ƙarƙashin dogon yaro, inda inuwa take. Na ce, "Ki huta abinki, ki riƙa kallo." Kullum da safe ina sayo mata kunu da ƙosai. Ranar Asabar ta miƙo littafin babu komai a ciki sai "na kalla, na kalla." Na ce wannan ai ba zai wuce ba, na zauna ina faɗa mata tana rubutawa: Litinin na cika leda da ƙasa, Talata na yi ban ruwa, Laraba na yi aure talatin.

Ta ɗago ta ce, "Oga, ban yi ba fa."

Na ce, "Rubuta dai, ai kin gani da idonki. Masu ƙafa ma haka ake musu."

Gaskiya ne, haka ake yi. Ɗalibai da yawa sai ranar ƙarshe suke kawo littafin a sa musu hannu a bi da bi. Ni kuma har ina jin na fi sauran, tunda ina ciyar da ita. Ina ganin lada nake tarawa. Mako huɗu muka yi a haka.

Ranar kasuwa ce Baffa ya samu ya taso. Yana isowa wani alhaji yana fita da dashen lemo, ya ga gurguwa zaune a bakin ƙofa hannu ba komai, sai ya jefa mata kuɗi a cinya ya ce, "Ga sadaka, a sa mu a addu'a." Ta sandare, ba ta taɓa kuɗin ba, ba ta ɗago ba. Baffa ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka ya bi shi.

"Alhaji, ka yar da kuɗinka."

"A'a malam, sadaka ce."

"Wannan 'yar kwaleji ce. Mai wurin ne ya ajiye ta inda ake ajiye masu bara. In sadakar ta zama dole, ga shi can, shi za ka ba."

Alhajin ya karɓa ya wuce yana ba da haƙuri. Baffa ya juyo wurinta ya ce, "'Yata, nuna mini hannunki." Ta nuna. Ban da kantar tuƙa keke babu komai, ko ƙasa babu a farcenta. Ya karɓi littafin ya buɗe, ya daɗe yana karantawa, sannan ya kira ni.

"Wa ya sa hannu a nan?"

"Ni ne, Baffa."

"Ta yi aure talatin ranar Laraba? Kai ni in gansu."

Na ce, "Baffa, tausayinta na ji."

Ya ce, "Ni ma tausayina aka ji shekara takwas. Ka taɓa tambayata yadda yake?" Karo na biyu ke nan da na ji maganar a bakinsa. Ya ci gaba, "In ta gama ta karɓi takardarta, aka ɗauke ta aiki, aka miƙa mata reza a gaban manoma, kai za ka je ka riƙe mata hannu? Ɗauki biro ka soke duk abin da ka sa wa hannu."

A nan ne na yi abin da ba a yi. Na ɗaga wa ƙanen mahaifina murya a gaban masu saye. Na ce wurina ne, ba ofishin gwamnati ba, in bai ga dama ba ya ɗauke ta ya kai inda ya fi. Na ce, "In aka soke, malaminsu ya zo ya ga mako huɗu babu komai, ya ce ta maimaita, kai za ka je Kazage ka faɗa wa ubanta?"

Baffa ya tsaya da littafin a hannunsa. Abin da na faɗa gaskiya ne, ko da yake ba don gaskiya na faɗe shi ba.

Ita ce ta miƙa hannu ta karɓi littafin. Ta ce, "Baba, ni zan soke. Rubutuna ne." Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya tana jan layi daga kusurwa zuwa kusurwa har ta kai na ƙarshe. Sannan ta dube ni ta ce, "Oga, gobe ina zan fara?"

Washegari Baffa ya riga ni zuwa. Ya sa an kawo masa katakai a amalanke an shimfiɗa daga ƙofa har cikin rumfa don kada keke ya maƙale a taɓo. Teburin da nake cin abinci a kansa kuwa na tarar ya kifar da shi yana yanke masa ƙafafu da zarto. Na ce, "Baffa, teburina ne." Ya ce, "Na sani. Ya yi mata tsawo." Bai sake ce mini komai ba ranar, bai kuma tayar da maganar tsawar da na yi masa ba.

Duk wannan mutane sun sani. Abin da zan faɗa yanzu ne ba su sani ba.

Auren mangwaro yana da 'yan abubuwa da in ba a faɗa maka ba ba za ka gane da kallo ba. Dole ɓawon reshe ya hau daidai kan ɓawon gindi ko da ta gefe ɗaya ne. Dole a yanko reshen da sassafe a nannaɗe shi a jiƙaƙƙen buhu. Ba a taɓa fuskar yankan da yatsa. Na san duk wannan kamar sunana. Amma raina a ɓace yake, an kunyata ni a wurina, an yanke mini tebur. Sai na nuna mata sau ɗaya, da sauri, na ba ta rabin bayani. Rassan da nake ba ta kuwa waɗanda suka wuni a rana ne. So nake su mutu, in samu abin da zan nuna wa Baffa in ce ga shi nan, na faɗa maka.

Ta yi guda sittin a mako ɗaya. Reza ta yayyanke mata yatsu, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Muka jira mako uku tana cika leda da ƙasa tana ban ruwa da tiyo. Huɗu suka kama. Sauran duk suka yi baƙi. Allah ya yafe mini, da na ga layin nan baƙi ƙirin daɗi na ji.

Baffa ya zo ya duba, ya ce mata, "Ba komai, 'yata, sake." Ya tafi. Bayan tafiyarsa na hango ta ta jawo ɗaya daga cikin nawa masu rai tana kwance masa leda. Na yi tsawa na ce za ta kashe mini dashe. Ba ta kula ni ba. Ta kwance ɗaya nata da ya mutu, ta jera su a kan tebur.

"Oga, zo ka gani. Naka ɓawo ya hau ɓawo. Nawa a tsakiya yake. Ba ka faɗa mini ba."

Na ce, "Mantawa na yi."

"Rassan kuma, naka da asuba kake yankowa. Nawa sai bayan azahar kake ba ni."

Ta mayar da ledar ta ɗaure nawa yadda yake, ta ce, "Saura mako huɗu malam ya zo. Sau ɗaya kawai ya rage mini."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Da zagina ta yi da na sami abin riƙewa. Washegari da asuba na je na yanko rassa da kaina, na zauna a ƙasa kusa da teburinta, na nuna mata komai a hankali, har abin da ban taɓa nuna wa kowa ba. A nan na ga abin da ban lura da shi ba wata biyu. Shekarun da ta yi tana tuƙa keke sun ba ta ƙarfin hannun da ni ba ni da shi. Yanka ɗaya take yi, reshen ya fita sumul. Ni sai na yi biyu. Ta yi saba'in a kwana shida.

Malamin ya zo ranar wata Alhamis, cikin ayarin motoci daga Kaduna, yana sauri don ya juya kafin la'asar. Baffa ya ji labari ya zo ya zauna a benci. Malamin ya buɗe littafin, ya ga shafukan da aka soke, ya ce, "Wannan fa? Ina makonni huɗun farko?"

Ta buɗe baki za ta yi magana. Baffa ya buga sanda a ƙasa sau ɗaya ya dube ni.

Na ce, "Malam, ni na zaunar da ita a bakin ƙofa. Ni na sa ta rubuta aikin da ba ta yi ba, ni na sa hannu. Ita ta soke da kanta."

Ya dube ni ya dube ta. Ya ce a ƙa'ida kwanakinta ba su cika ba, kuma ba shi ya kafa ƙa'idar ba. Ya rufe littafin. Abin da na tsorata Baffa da shi ne ke shirin faruwa, kuma ni ne sanadi.

Sai ta ce, "Malam, kafin ka rubuta, zaɓi gindi ɗaya a cikin waɗancan."

Ya yi ɗan murmushi ya nuna wani siriri, irin wanda ni kaina nake tsallakewa. Ta jawo shi, ta zaro reshe daga jiƙaƙƙen buhu, ta yanka, ta tsaga, ta cusa, ta ɗaure, tana faɗa masa dalilin kowane abu. Sannan ta tuƙa kekenta a kan katakan Baffa ta kai shi layinta. Hamsin da wani abu sun fito da jan tofo. Ya tsuguna yana taɓa ganyen, ya manta da saurin da yake yi. Da ya miƙe ya ce tun safe yake ganin littattafai a cike tsaf, bai ga wanda ya riƙe reza ba sai yanzu. Ya yanke cewa ba za ta maimaita shekara ba, amma za ta dawo lokacin hutu ta cika makonni huɗun, ni kuma in rubuto masa da hannuna.

Da motarsa ta tashi na zaci Baffa zai ce wani abu, ko yabo ko gori. Ya miƙe ya gitta sandarsa a ƙofar bayan gida ya ce, "Wata uku tana nan, wannan ƙofar keke ba ya shiga. Ba ka taɓa tambayar kanka yadda take yi ba?" Ban taɓa ba. Aka gyara a makon.

Ta cika kwanakinta, ta gama karatu, ta koma Kazage ta buɗe nata wurin renon. Manoman wajen yanzu ba sa zuwa wurina, kuma ba su yi asara ba. Bayan ita Baffa ya kawo mini mutum uku, ba wanda na sa wa benci a bakin ƙofa. Amma maganar rassan da na bari a rana ban taɓa faɗa masa ba. Shekara shida tana cina.

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi na je da la'asar, Inna ta ba mu wuri. Na faɗa masa duka. Ya saurara idonsa a rufe, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Tsawar da ka yi mini na yafe tun a ranar. Wannan kuwa ba ni ka yi wa ba. Ka je Kazage."

Na ce to. Na ce sai hanya ta ɗan lafa. Kwana tara bayan nan ya rasu ban je ba.

Bayan sadakar bakwai na hau babur na tafi Kazage. Ba ta sami zuwa gaisuwa ba saboda ba ta daɗe da haihuwa ba. Na same ta a rumfarta, jaririya na barci a kan tabarma, ita kuma tana aiki. Muka yi wa juna gaisuwar Baffa, ta yi kuka, ta share ido da gefen zane. Sannan na ce na zo neman gafara.

Ta ce, "Ta ƙosai?" Ta yi dariya.

Na ce a'a. Na faɗa mata ba mantawa na yi ba, da gangan na ɓoye mata, da gangan na ba ta matattun rassa, kuma na ji daɗi da suka mutu. Ba ta daina aikin ba. Sai da ta gama ɗaure wanda ke hannunta ta ajiye.

Ta ce, "Na sani, Oga. Tun ranar da na jera su a tebur. Abin da ban sani ba shi ne ko za ka taɓa faɗa." Ta jawo wani dashen gabanta. "Benci da littafi na yafe, lokacin ba ka san cutata kake yi ba. Na rassan nan kuwa ka sani. Kana kallo ina yanke yatsuna. Wannan sai na yi tunani."

Na ce, "Har yaushe?"

Ta ce, "Ka dawo bayan girbi." Ta sa aka kawo mini ruwa da dafaffiyar gyaɗa, ta ce in tashi da wuri kada yamma ta yi mini a hanya.

Ban ji haushi ba. Hakkinta ne, ta riƙe shi har lokacin da ta ga dama. Bayan girbi zan koma, ko hanya ta lafa ko ba ta lafa ba, in ta ce in sake dawowa kuma in sake. Aiken ƙarshe ke nan da Baffa ya yi mini, na kuma yi masa jinkiri sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Allah ya gafarta wa Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.